Fiton Almu a Bakin Kurmi

Wata Talata a daminar 1994, Hajiya Maiturare ta miƙa wa Almu makullin tsohuwar akori-kura, ta ce ya je gidan gonar marigayi mijinta da ke hanyar Gawu ya duba rufi, an ce iska ta yaye kwano.

"Malam Almu, ka fito kafin magariba. Ka dai san wurin nan."

"In sha Allahu, Hajiya."

Shekara ashirin da biyu Almu ya yi yana tuƙa marigayin. Yanzu Alhaji ya tafi, matar Almu ma ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Legas, ko wasiƙa ba sa aikowa. Abin da ya rage masa a ɗakin hayarsa na unguwar Kwamba shi ne Duna, wani baƙin kare mai karyayyen kunne. Maƙwabta sun yi tsegumi har sun gaji, wai dattijo ɗan sahun gaba a masallaci ya rasa abokin hira sai kare. Bai taɓa tanka musu ba, don ya san gaskiya suka faɗa.

Ya saka Duna a mota suka tafi. Taya ta yi faci a hanya, bai isa ba sai la'asar sakaliya. Ciyawa ta cinye farfajiyar gidan har gwiwa. Mangwaro ya zube ya ruɓe, falo kuma sai warin jemagu. A bayan gida kurmi ne, maɗaci da kanya sun haɗe kai, rafi na gudu a ciki. Almu ya hau tsani, ya ga inda kwanon ya ɓalle, ya sauko.

Babu Duna.

Ya kira sunansa, ya zagaya gidan sau biyu. Rana ta yi ja. Tun yana yaro kakarsa ke buge masa baki in ya yi fito da almuru, tana cewa kiran mutanen ɓoye ne. Ya sani sarai. Amma Duna ba ya jin kira sai na fito, gajeru biyu da dogo ɗaya, mai ɗan huci saboda giɓin da ke bakin Almu. Ya za a yi ya koma ɗakin nan shi kaɗai? Ya matsa bakin kurmin, ya tattara leɓe, ya yi.

Kwaɗi suka yi tsit. Har ƙarar rafin ta ɗauke.

Sai aka amsa daga cikin itatuwa. Gajeru biyu, dogo ɗaya. Har da hucin giɓin.

"Wane ne nan?" in ji Almu.

Ganye ya motsa, sai ga Duna ya fito ya tsaya tsakani. A bayansa, gindin wata kanya, wani dattijo ne a tsugune. Shuɗiyar rigar Almu ce a jikinsa. Hular Almu. Yana bubbuga gwiwa da tafin hannu, yadda Almu ke yi in ya kawo ƙashi daga mahauta. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika wurin.

Almu ya sake tattara leɓe. Iska kawai ta fito.

"Duna," ya ce a hankali. "Ni ne. Zo mu tafi gida."

Karen ya dube shi. Ya waiwaya ya dubi wancan. Sai ya kaɗa wutsiya, ya juya.

Abin ya shafa kan Duna, sannan ya ɗago. Fuskar Almu ce, idanun ne kawai ba sa ƙiftawa. Ya sake yin fiton, wannan karon yana kallon Almu.

Ƙafar Almu ta dama ta taka gaba da kanta.

Ta hagu ta bi.

Ya ciji harshensa har ya ji gishirin jini, ya fizgo Ayatul Kursiyyu, ya kwasa a guje. Sai a murɗawa ta uku motar ta tashi. Fiton bai bar kunnensa ba sai da taya ta hau kwalta.

Kwana tara ya yi yana zazzaɓi. Ya warke, amma bakinsa bai sake iya fito ba.

Bayan girbi ya je kasuwar Gawu, wani makiyayi ya tsare shi da ido.

"Baba, ba kai nake hange da yamma a bakin kurmi da baƙin kare ba?"

Almu ya matso kusa da shi.

"Karen ya rame?"

"Ina! Ya yi ɓul-ɓul. Sai tsalle yake a jikinka."

"To, madalla," in ji Almu.

Ya kau da kai ya share ido da hannun riga. Ba tsoro ya ji ba, kishi ne ya tokare masa ƙirji. Ashe Duna ko kewarsa bai yi ba.