Na'urar Zuciyar Malam Bawa

"Kalma ɗaya nake roƙonka, Muhsin. Ka ce wa Gogo tabbas Baba zai warke."

A zauren gidansu da ke unguwar Bako a Yola Naziha ta tare shi, idanunta sun kaɗa. Muhsin likitan zuciya ne a Jimeta, kuma shi ke neman aurenta. Ya gyara riƙon jakarsa.

"Ba zan iya ba, Nazi..."

"Ko don ni?"

"Don ke ɗin ma. Idan na faɗa, aka samu akasi, da wane ido zan kalle ki?"

Ta juya masa baya. Mahaifinta, Malam Bawa, shi kaɗai ya rage mata cikin iyayenta. Lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka shiga Mubi, ta daji suka fito a ƙafa, mahaifiyarta ba ta ƙarasa ba. Sun daɗe a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi kafin su samu wannan gidan. Yanzu kuma zuciyarsa ta gaza. Ƙafafu a kumbure, ko alwala sai ya huta kafin ya gama.

A tsakar gida suka tarar da Gogo Hansai, yayar Malam Bawa, tana yi masa fifita. Muhsin ya durƙusa ya gaishe su.

"Kai ne mai son a tsaga min ƙani a sa masa batir?"

"Ni ne, Gogo. Gefunan zuciyar Baba ba sa bugawa tare. Kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya, taɓarensu na karo. Na'urar 'yar ƙarama ce, ƙarƙashin fata ake sa ta, wayoyinta su daidaita bugun."

"Duk wanda aka sa wa yana tashi?"

Naziha ta kafe shi da ido, tana roƙonsa ba tare da ta buɗe baki ba.

"A'a," ya ce. "Cikin mutum uku, kusan ɗaya ba ya jin sauƙi."

"To shi wanne ne a ciki?"

"Gwaji ya nuna gefen hagu na makara sosai, kuma naman zuciyar bai yi tabo ba. Masu irin wannan su suka fi amfana. Ina kyautata zato ƙwarai... amma hasashe ne, ba alkawari ba."

Gogo ta ajiye maficin.

"Yaro, ƙannena biyu na baro a dajin Mubi. Ka taɓa min wannan a banza, ka manta hanyar gidan nan. Da kai da maganar Naziha duka."

"Adda..." Malam Bawa ya ɗaga hannu, yana jan numfashi tsakanin kalmomi. "Ƙirjina ne. Na gaji da zama kamar mai hawan dutse. Likita, a yi."

A Abuja aka yi aikin. Suka dawo Yola da ɗan tudu a ƙasan kafaɗarsa ta hagu, kowa na jiran canji.

Canjin bai zo ba. Sati ya bi sati, kumburin na nan, hakin na nan. Gogo ta daina amsa gaisuwar Muhsin. Ranar da ya zo duba na'urar, ta bayan labule Naziha ta yi masa magana.

"Ka ce masu irinsa sun fi amfana."

"Zuciya na ɗaukar watanni kafin ta murmure, abar ƙaunata. Ki ba shi lokaci."

"Idan kuma shi ne ɗayan nan cikin ukun?"

Ya matso kusa da labulen.

"Zan ci gaba da kula da shi, ko an hana ni ke."

Daga ranar ta daina ɗaga wayarsa. Takan kalli sunansa na haske har ya ɗauke, ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka.

Wata safiya da hantsi, damina ta kusa fita, ta shiga kai wa mahaifinta kunu. Ta gan shi miƙe a kan tabarma, rigingine, idanu a rufe. Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ta kasa matsawa kusa. Ta ɗauko waya ta kira lambar da ta daɗe tana gudu.

"Muhsin... Baba... ya miƙe, ba ya motsi!"

"Nutsu, Nazi. Kalli ƙirjinsa. Yana ɗagawa?"

Ta goge hawaye ta duba.

"Yana... a hankali."

"Da haki?"

"Babu."

"Matashi nawa ne a bayansa?"

"Ko ɗaya. Ya ture su gefe."

Ta ji ya sauke wani dogon numfashi.

"Barci yake yi. Mai ruwa a huhu ba ya iya kwanciya haka. Yaushe rabon da ki ga Baba ya yi barci ba a zaune ba?"

Ta kasa tunawa. Ta zube a bakin ƙofa, kuka da dariya suka haɗe mata.

Gogo, wadda ƙarar kwanon ta jawo, ta tsaya tana kallon ƙaninta da ya fara munshari. Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta karɓe wayar.

"Likita."

"Na'am, Gogo."

"Ka zo ka duba shi da idonka, ban yarda da maganar waya ba." Ta waiwayo ta dubi Naziha. "In ka koma gida, ka faɗa wa manyanka muna sauraronsu."