Sunan da Na Tsallake a Gidan Naɗi

Wasiƙa uku na rubuta wa kwamitin sabuwar kasuwa, ba a amsa ko ɗaya ba. Don haka ranar Laraba bayan isha'i na aika aka kira mini shugabansu, Sadisu, ɗan ƙanin mahaifina. Ƙanwarsa Larai ta biyo shi.

Na ce, "Larai, ja ƙofa. Sadisu, kife wayar nan. Shekara talatin da biyar na riƙe alli, ban taɓa barin yaro ya kwafi aiki bai duba ba. Jibi za ku buɗe kasuwa a filin tsohon Gidan Naɗi. Kun sassaƙa sunayen ma'aikatansa a dutse. Na je na ƙirga sau biyu. Arba'in da ɗaya. Babu Bibata."

Sadisu ya ce, "Yaya Malam, ai daga littafinka muka kwafa. Wace ce kuma Bibata?"

Na ce, "To, zauna da kyau."

Ga abin da na faɗa musu.

Kun san Zangon Ganye ba garin kakan kowa ba ne. Jirgin ƙasa ne ya zubo mu. Nufawa, Yarbawa, Barebari, Zabarmawa, da namu daga Katsina. Wani Kwara, Balaraben Lebanon, mai suna Nasif ya gina dogon gida mai rufin kwano, ya ce za a riƙa naɗa taba mai kaurin yatsa, ganye zalla ba takarda. Gini ya iya. Naɗi bai iya ba.

Bibata ce ta iya. Bazabarmiya ce, a Kumasi ta koyo. Ita ta koya wa kowa yadda ake fesa wa ganye ruwa da baki har ya yi laushi, a zare jijiyarsa, a dunƙule cikin, a sa masa riga da ganye mafi kyau, a liƙe bakin da ƙaro. Duk hannun da ya ci abinci a gidan nan, ita ta fara riƙe shi.

Hannu na aiki, kunne na zaune. Don kada a yi ta faɗa da harsuna biyar, sai aka ajiye doguwar kujera a tsakiya, mai karatu ya hau yana karanta musu jarida. Ina da shekara ashirin da ɗaya na samu kujerar. In na tashi daga makaranta sai in zo.

Akwai kuma al'ada. In sabon ganye ya iso, ba a kwance damin farko sai mai karatu ya miƙe ya kira sunan duk wanda ya yi aiki a gidan ya rasu, da garin da ya fito. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Baƙi ne, da yawansu ba su da mai ambaton su. Sannan naɗin farko a ajiye a tagar gabas, na masu gidan. Kun gane su wa nake nufi. Da safe ba a tarar da shi.

Wata rana ina sauri, na tsallake wani labari na ambaliya a ƙasarsu. Bibata ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Amma idona take kallo.

Ta ce, "Malam ƙarami, ka tsallake. Idonka ya sauka, bakinka bai bi ba."

Gida ya ɗauki dariya. Wata biyu ana ce mini Malam Tsallake, har a kasuwa. Na haɗiye. Ban manta ba.

Da damina ta rasu. Ba miji, ba ɗa. Mata huɗu suka yi mata wanka.

Sabon ganye ya zo. Na hau kujera da takarda. Sunanta ne na ƙarshe. Daidai lokacin jirgin kaya ya taho yana girgiza kwano. Na ga sunan. Na rufe bakina har jirgin ya wuce, sannan na naɗe takardar. Wani tsoho Banufe ya ɗago kai ya dube ni. Ya mayar da kansa kan ganyensa. Wa zai ja da ɗan boko?

Shekara ta zagayo, na kwafi takardar babu ita. Daga baya sigarin inji ya cika kasuwa, gidan ya mutu, aka watse. Da na zo rubuta tarihin gari, tsohuwar takardata na ɗauko.

Larai ta ce, "Haba Yaya, don dariya kawai?"

Na ce, "Don dariya kawai. Yi shiru, ban kai ba."

Shekara goma sha tara ke nan da abin da zan faɗa muku. Mako guda da fitar littafin. Ina dawowa a kan keke ta bayan kangon Gidan Naɗi, rana ta faɗi, ba a kira sallar magariba ba tukuna. Sarƙa ta zame. Na durƙusa ina gyarawa.

Sai ƙamshi. Ganye mai laima.

Gidan da ya shekara ashirin babu ko kara a ciki.

Sai na ji wuƙa a kan katako. Ƙwas. Shiru. Ƙwas.

Da ina da hankali da na bar keken. Na leƙa.

Mace ce zaune a teburin farko, ta sunkuyar da kai tana naɗi. Zane baƙi. Yatsun na tafiya da sauri, irin saurin da mutum ɗaya kaɗai na taɓa gani da shi.

"Malam ƙarami."

Tana gabana. Muryar daga bayan wuyana ta fito.

Na sauke ido, don kada in ga fuska. Sai na ga ƙafafun a ƙarƙashin tebur. Diddige ne a gaba. Yatsun suna kallon bango.

"Sabon ganye ya iso. Hau."

Doguwar kujerar na nan a tsakiya. Ni da idona na ga gara ta cinye ta tun da daɗewa. Na hau. Ban san yadda na hau ba.

"Kira."

Na kira. Da ka, babu takarda. Ndagi na Bida. Fanta ta Kukawa. Lamidi na Ogbomosho. Kowane suna in na faɗa, sai amsa ta taso daga duhu, muryoyi da yawa, ƙasa-ƙasa, kamar masu su ba su fi gwiwata tsawo ba. Allah ya jiƙansa. Allah ya jiƙanta.

Na kai ƙarshe.

Wuƙar ta tsaya.

"Ka tsallake."

Na buɗe baki in faɗa. Wallahi na buɗe. Sunan ba ya nan. Na lalube kaina kamar mai laluben aljihu, fayau. Duhun nan yana jira, ina jin numfashinsa.

Sai ladan ya ɗaga murya daga masallacin tasha.

Ta turo mini naɗin da ke hannunta, ya gangaro har bakin tebur.

"Riƙe. Ba na sha ba ne. Ran da ka kira, zai bushe."

Ban tuna saukowa ba. A ƙofar gidana na tsinci kaina, takalmi ɗaya, ba keke, naɗin a hannuna.

Sadisu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Yaya, kai malami ne fa. Mamaci ba ya dawowa."

Na ce, "Ba ya dawowa. Bibata na kabarinta, Allah ya kai mata haske. Amma gidan yana da masu shi. Shekaru suna karɓar naɗinsu a taga, ashe su ma suna sauraron karatun. Mutane sun ƙyale ni. Su ba su ƙyale ba."

Na jawo gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona na buɗe, naɗin na ciki. Ƙamshin ya cika ɗakin. Larai ta ja baya har ta bugi ƙofa.

Na ce, "Taɓa."

Sadisu ya kai yatsa, ya janye da sauri. Ya goge a rigarsa.

"Da laima," in ji shi, murya ƙasa.

"Shekara goma sha tara. Tun a wancan daren sunan ya dawo mini. Na faɗe shi a ɗakin nan ya fi sau dubu. Bai bushe ba. A gaban mutane na tsallake, a gaban mutane ake so. Ni kuma kunya ta hana ni cewa littafina da gyara. Ko a wasiƙun da na aiko muku ban faɗi dalili ba. Laifina ne. Amma ku ma, takarda uku daga dattijo, ko a ce an gani? Matar da ta ciyar da rabin garin nan!"

Sadisu ya daɗe yana kallon gwangwanin. Ya ce, "Dutsen ya cika, Yaya. An riga an kafa. Babu wurin ko layi ɗaya."

"Me aka rubuta a can ƙasa?"

Ya ce, "Sunanka. Malam Ilu Bawa, wanda ya tattara tarihi."

"To ga wuri. Gobe da sassafe ka kira mai sassaƙa ya kankare. Ya sa Bibata ta Dosso, wadda ta koya wa Zangon Ganye naɗi. Jibi kuma kafin a yanka zare ku ba ni lasifika. Zan kira su duka, in faɗi abin da na yi."

"Mutane za su yi maka dariya."

"Sun taɓa yi. Ka ga inda gudunta ya kai ni."

Ya miƙe, ya ce zai je gidan mai sassaƙar yanzu, kada gobe ya kuɓuce masa. Na riƙe hannun rigarsa.

Na ce, "Ka bi ta bakin titi, ka tafi da Larai. Kada ka yanke ta bayan kasuwar kai kaɗai, yau ko wata rana. In kuma ka ji ƙamshin ganye, kada ka leƙa. Har yanzu suna jira."