Ka Tafi Ba Sallama?

Ƙarfe sha ɗaya na safe wata mata ta faɗo ofishin Sufeto Sanusi a komisariyar Dogon Dutsi, mayafi a hannu, tana haki.

"Shef, an sace mini ubana!"

Sufeto ya ajiye kofin shayi. Shekara sha tara yana wannan aiki, ya karɓi ƙarar satar raƙumi, har ta ƙyauren makewayi, amma satar uba bai taɓa ji ba.

"Zauna, Madam. Wace ce ke? Yaushe aka ɗauke shi?"

"Hannatu Maikano, ina koyar da kwamfuta a lise, makarantar sakandare. Baba ya rasu bara. Muryarsa aka ɗauke."

Da ƙyar ya haɗa zancen, don kuka ya fi maganar yawa. Shekara uku tana haɗa wani wasan kwamfuta. A ciki kai ne makiyayi, akuyarka ta cinye takardar haihuwarka, kana bin ta gari-gari har Dogon Kiriya. Ba takobi, ba bindiga. Da ba'a ake faɗa, irin ta taubasai, wanda ya fara dariya shi aka kayar. Tsohon da ke yi maka jagora kuwa, muryar mahaifinta ce, wadda ta ɗauka a watanninsa na ƙarshe.

"Ba ki da kwafi?"

"Yana cikin kile, ɗan filashin ajiya, kilen kuma yana jikin kwamfutar da aka sace. Shef, in suka goge don su sayar, Baba ya sake mutuwa ke nan. Ko sallamarsa ba ni da ita a wani wuri."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Ya san na'urar sata ba ta wuni da abin da ke cikinta.

A ɗakinta ya tarar kwaɗo lafiya lau. Ga wata waya a kan tebur, ga caja a jikin bango, ba wanda ya taɓa su. Wane irin ɓarawo ne wannan, ya bar waya, ya bar caja?

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Yaya Faruku. Sai Adama mai gyaran waya a kasuwa. Yakan zo gwada mini wasan, ya san inda nake ɓoye nawa."

Suka nufi kasuwa. Adama na ganin kaki ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Wallahi, Shef, yau ko unguwar ban leƙa ba."

"Maƙwabciyarta Ruƙayya ta gan ka ƙarfe tara. Za ka faɗa a nan, ko a komisariya?"

Gumi ya keto masa.

"To, na je. Amma ba sata ba! Sati biyu na maƙale a kasuwar Kieshe ta cikin wasan, wata mai fura tana kayar da ni da ba'a. Na ce in je a ɓoye in rama. Na iske ƙofa buɗe, kwamfuta babu, sai na arce."

"Wasan ne har ya kai ka shiga ɗakin mutane?"

"Shef, ba ka ji tsohon nan ba ne! In ka faɗi sai ya ce, 'Tashi, ɗana, akuya ma ta ji kunya.' Sai ka yi dariya har hawaye. Amma fa yana da aibu. Jakin da ke cikin wasan yakan shige bango ya ƙi fita. Taswirar kuwa, ko mai ita ɓata take yi. Mafi muni, ba ya rufuwa."

"Kamar yaya?"

"In za ka fita, sai ka yi wa tsohon sallama cikakkiya: sai an jima, a gai da gida, Allah ya kiyaye hanya. In ka kife murfin haka kawai, na'urar ba ta yin barci. Duk minti goma sai ya kira ka, har batir ya ƙare. Na ce mata ta gyara, ta ƙi."

Sufeto ya juya ga Hannatu. "A buɗe kika bar shi?"

"Tun ƙarfe takwas." Ta dafe ƙirji. "Batirin awa biyar yake yi, Shef."

Ya dubi agogo. Sha biyu da rabi ta wuce.

"Mi ka gani kuma?" ya daka wa Adama tsawa.

"Jan babur, yana fita lungun."

Hannatu ta sunkuyar da kai. Ba sai ta faɗa ba.

Faruku ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, yana zaune a bakin gari kusa da garken da uban ya bari. Suka same shi a tsakar gida, jan babur a jingine, idanunsa sun kaɗa.

"Yau ba ka fita aiki ba?" in ji Sufeto.

"Ba ni da lafiya. Tun asuba ban motsa ba."

Sufeto ya ɗora hannu kan injin babur. Akwai sauran ɗumi, ga kuma sabon sawun taya daga ƙofa.

"Ka san wasan ƙanwarka?"

"Ban taɓa ganinsa ba, ba na kuma son gani."

"To. Bari mu ɗan huta."

Ya ja turmi ya zauna. Faruku ya ce rana ta yi zafi, su koma zaure. Sufeto ya ƙi. Ya ce bari ya kawo ruwa, Sufeto ya ce ya ƙoshi. Minti biyar, minti takwas, ba abin da ake ji sai kukan tattabaru. Hannatu tana murza yatsu tana salati. Shi kansa Sufeton ya san in batirin ya riga ya mutu, ba shi da hujjar da ta wuce ɗumin inji.

Sai ga murya daga ɗakin harawa, dattijuwa, mai dariya a cikinta:

"Kai, ɗana! Ka tafi ba sallama?"

Hannatu ta ƙwalla ƙara ta ruga. A cikin buhun dusa ta zaro kwamfutar, kile na jikinta. Ta rungume ta, ta durƙushe nan ƙasa.

Faruku bai gudu ba. Ya zauna daɓas.

"Ni ne," ya ce. "Na ji samari a tasha suna kwaikwayon muryarsa yadda Adama ya koya musu, suna shewa. Ubana, yana kabari, ya zama abin dariyar 'yan kabu-kabu! Na ɗauko don in goge."

"Yaya, shi ya ce in ɗauka!" in ji Hannatu cikin kuka. "Ya ce yana so a riƙa dariya bayansa."

"Mi ya hana ka gogewa?" Sufeto ya tambaya.

"Na buɗe, sai ya gaishe ni. Ya ce ina gajiya. Ina Libiya ya rasu, Shef. Ran da zan tafi faɗa muka yi, na fita ban ce masa komai ba. Na kife murfin, na cusa a buhu, amma bai daina ba. Tun safe yake tambayata."

Tausayi ya kama Sufeto, amma sata sata ce, kuma an riga an rubuta ƙara. Ya kama hannunsa, ankwa dai ya bar ta a aljihu.

"Mu je ka yi bayani a komisariya."

Hannatu ta ɗaga murfin. Batir ya yi ja, saura kaɗan. Suna kaiwa bakin ƙofa muryar ta sake tashi.

"Kai, ɗana! Ka tafi ba sallama?"

Faruku ya tsaya cak. Ya dubi Sufeto, Sufeto ya sake shi. Ya dawo ya durƙusa gaban ƙanwarsa, ta nuna masa inda zai danna.

"Sai an jima, Baba," ya ce, yana danna kalmomin. "Ka yafe mini."

Wasan bai san wannan ta ƙarshen ba. Abin da aka ɗauka kawai ya iya faɗa.

"To, madalla. Allah ya kiyaye hanya, ɗana. Ka gai da gida."

Allon ya rufe da kansa. Faruku ya goge fuska da hannun riga, ya miƙe, ya bi bayan Sufeto.