Kujerar Kaltumi

An fasa kan Shef Sidi, mai kula da ma'aikata a wani banki na Tawa, ana cikin sallar azahar. A bironsa, wato ofishinsa, aka tarar da gawar, jini har ƙarƙashin ƙofa, haƙora a warwatse.

Insfekta Yunusu ya duba raunin. "Ƙarfe ne. Kuma ba bugu ɗaya ba."

Ya tara ma'aikata. Kowa ya ce yana wurin salla.

"Madalla," in ji Insfekta. "Banki duk waliyyai."

Ya jawo wata kujera zai zauna. Ramla mai karɓar kuɗi ta zabura ta riƙe ta gam.

"Ke, lafiya?"

Ta saki, kunya ta kama ta. "Sabo ne, ranka shi daɗe. Dokar Shef ce. Wanda ya zo na ƙarshe wajen kawo sababbin abokan ciniki, a ɗauke mishi kujera a kulle a bironai. Tsaye zai yi aiki duk mako."

"Aikin ya ƙaru?"

"Ina! Sai satar mutanen juna muka koya."

"Ta wa aka ɗauke wannan karon?"

"Ta Kaltumi. Tsohon ciki gare ta. Jiya ta faɗi, tana asibiti."

Insfekta ya leƙa wurin zaman Kaltumi. Ga kujera nan, an ajiye ta daidai, har da ɗan matashi. Ya kifa ta. Ƙafar ƙarfe ɗaya ta lanƙwashe, gashi da jini sun maƙale a gindinta.

Mijin Kaltumi, Abdurazak, nan yake aiki. Hotonsa ne a bango, gwarzon ma'aikata.

"Ina kake da azahar?"

"Asibiti, wajen iyalina."

"Ɗazu ka ce salla. Buɗe hannunka."

Tafin ya tsage, ɗanyen rauni.

Abdurazak ya dubi raunin. "Na roƙi Shef ya ɗauki tawa, ya bar mata tata. Ya ce doka doka ce. Yau da safe muka binne yaron. Na dawo, ya tambaye ni yaushe za ta koma aiki."

"Sai ka ɗauki kujera."

"Na buga har hannuna ya mutu."

"Da ka bar ta a biron, da na sha wuya. Mi ya sa ka maido ta?"

"Wurinta ke nan."

Aka buga masa ankwa. Wani ɗan sanda ya saɓi kujerar, shaida ce, sai kotu.

Kaltumi ta fito asibiti ba ɗa, ba miji, kujerar ma an sake ɗauke ta.