Bayit Biyu a Bangon Dam

Ku matso, ku rage murya. Ni har yau in na tuna Tasi'u raina ɓaci yake yi.

Shi ya rubuta manhajar da ke karanta zurfin ruwan dam ɗin da ke saman ƙauyenmu. Na'urar da ke cikin ruwan ɗanyun lambobi biyu kawai take turowa, ana ce musu bayit, ɗaya babba ɗaya ƙarami, manhajarsa ta haɗa su su zama santimita. In ruwa ya haura ɗari bakwai dole a buɗe ƙofar dam, in ba haka ba bango ya fashe a kan gidajen mutane.

Da damina ta yi nisa, Baba Sallau mai gadi ya ce ruwa ya yi yawa. Tasi'u ya duba allo, ya ga 259. Ya zazzage dattijon a gaban jama'a, ya sa aka sallame shi. Mutumin da ya isa haifarsa!

Ran Talata da tsakar rana ya hau bangon shi kaɗai, ido a kan kwamfuta, ko kallon ruwan bai yi ba. Wurin tsit. Sai ga wata tsohuwa zaune, zanenta na ɗiga.

"Kai ne mai lambobin?"

"Ni ne, Iya."

"Ruwa ya cinye min ɗaki, kana nan kana shara ƙarya." Muryar kamar daga cikin randa.

"Na'ura ba ta ƙarya."

"Ita ba ta yi ba. Me ta turo?"

"Ɗaya, sannan uku."

"Wanne ka ɗauka babba?"

"Na farko mana."

"Wa ka tambaya, marar kunya?"

Ta miƙe. Dugaduganta ne a gaba, yatsun na kallon baya.

Ya juya jerin lambobin, ƙarami a gaba, babba a baya, yadda takardar na'urar ta faɗa, takardar da girman kai ya hana shi buɗewa. Allo ya nuna 769. Ya ɗago. Babu tsohuwa. Ruwa na lasar takalminsa.

Ya ruga ya kama ƙarfen buɗe ƙofa, ƙarfe ya cije. Mutum ɗaya ne ya san kan ƙarfen nan. Da gudu ya isa gidan Baba Sallau ya zube a ƙasa. Dattijon ya ɗauki sandarsa, ya je ya buɗe ƙofar. Ƙauye ya tsira da kyar.

Washegari aka ga sawun Tasi'u a laka, tun daga dam har ƙofar gidan Baba Sallau. Kowane sawu dam yake kallo. Har yau haka yake takawa, dugadugai a gaba.

Kada wanda ya kuskura ya hau bangon nan shi kaɗai.