Kwanciyar Gawa a Tottenham

Sakinatu ba ta yarda aljanu na zuwa London ba. Ta dai fi so kada maganar ta kai kunnensu.

Likitar gashin ƙashi ce daga Zariya, ta zo koyon motsa jikin yoga don masu ciwon baya. Ajinsu na saman wani shagon kifi a unguwar Tottenham. Da sanyi ya shigo, rana ta koma faɗuwa tun ana tsakiyar darasi. A gida ko yaro ba a bari ya kwanta da almuru, nan kuwa daidai lokacin malamarsu, wata Baturiya, take rage fitila ta ce kowa ya miƙe rigingine, ya saki jiki kamar gawa. Haka ma sunan kwanciyar yake.

Ran nan Sakinatu ta miƙe, ta rufe ido. Bas ta wuce a ƙasa. Ƙarnin kifi ya ɗauke, wani ƙamshi ya maye gurbinsa.

Kafur.

Hannu ya kama ƙafafunta ya haɗe su. Ta ɗauka malama ce, sai ta jiyo muryar malamar can ƙarshen ɗaki.

"Yaya, wannan tamu ce," wata tsohuwar murya ta raɗa, da Hausa tsantsa.

"Sauran fa?"

"Ba mu da hurumi. Kawo ruwan."

Ta so ta ɗaga yatsa. Ya ƙi. Aka shafe mata ido, aka ɗaure mata haɓa da ƙyalle. Ruwa mai ɗumi ya bi hannunta na dama har gwiwar hannu.

"Kamar da sauran numfashi."

"Kaɗan ne. Kafin mu gama ya ƙare."

Aka fara juya ta ɓangaren dama.

Ƙirjinta ya tsaya.

Can cikin jaka wayarta, wadda ta manta ba ta kashe ba, ta ɓarke da kiran sallar magariba.

Hannuwan suka sake ta. Wani ya ja tsaki.

Ta zabura tana tari, hannun rigarta sharkaf. Malama ta tunatar da ita, cikin ladabi, dokar kashe waya.

Washegari Sakinatu ta yi booking ɗin ajin safe. Ta ce wa 'yan ajin cunkoson yamma a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ne ya ishe ta.

Flat ɗin da take zaune kuwa na tsallaken titi.