Lallen da Saudatu Ta Yi Sau Biyu

A kasuwar rake ta Makarfi Lubna ta fara ganin Faruk. Ya tsaya yana ciniki, iska ta fizge ambulan ɗin da ke hammatarsa ta jefa gaban ƙafarta. Ta ɗauka ta kakkaɓe ta miƙa masa.

"Malam, fasfo ne fa a ciki. Haka za ka je ƙasar waje, rake a hannu, takardu a ƙasa?"

Ya yi dariya. "Ai na samu mai tsince min."

Ɗan Likoro ne, ya samu gurbin karatun noma a Malesiya. Kafin damina ta ƙare ya zama Farin Wata a wayarta, ita kuma Sanyin Idona. Shi ya yi ta faɗi-tashi har ita ma makarantar ta ɗauke ta.

Sai dai mahaifinta, Malam Yahuza, ya kafa sharaɗi. "In bizarki ta fito, a ɗaura aure ku tafi tare. In ba ta fito ba, a bar maganar. Ba zan aurar da 'yata ta zauna tana gadin waya ba."

Ana gobe za ta Abuja a ɗauki zanen yatsunta a ofishin biza, sai ga Saudatu, 'yar ƙanen babanta, gwanar lalle a duk garinsu Dandamisa.

"Haba 'yar uwa, za ki shiga Abuja da hannu fari fat kamar na namiji?"

Ta zauna ta lafta mata lalle, ta cika kan yatsun har suka yi baƙi ƙirin. Lubna, baiwar Allah, har da godiya.

A ofishin ta ɗora yatsu a na'ura, na'ura ta ƙi. Aka goge, aka sake, ta ƙi. Ma'aikaciyar ta ce, "Lallen nan ya rufe zanen. Sai ya fita ki nemi wata rana."

Ta sha kuka a mota har Zariya. Malam Yahuza ya ce ga dukkan alamu abin ba rabo ba ne. Da yamma saƙon Faruk ya shigo:

"Sanyin Idona, karanta abin da aka turo min: 'Na ji an koro mutuniyarka. In Baffa ya fasa, ka san inda nake. Saudatu.' Wallahi ban amsa ba."

Lubna ta nuna wa Inna, mahaifiyarta. Inna ta dafe ƙirji. "Ai ita ma Saudatun bara da za ta Umra, a kan lalle aka dawo da ita!"

Nan take hawayen Lubna suka ƙafe. Ashe da gangan aka yi. Ba ta je ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara ba. Ta rubuta wa Faruk:

"Farin Wata, kada ka ce mata komai. Ka bar min ita."

Ta dinga dirzar yatsu da lemon tsami safe da yamma. In ta haɗu da Saudatu sai ta yi mata murmushin da ko kunu ba zai ɗumama ba. Faruk ya roƙi makaranta ta ɗaga musu ƙafa, ya samo wata ranar. Wannan karon na'ura ta karɓa, biza ta fito, Malam Yahuza ya cika alkawari.

Ranar lallen amarya Lubna ta ce ita fa ba mai taɓa hannunta sai Saudatu. Ba damar ƙi, ga gwaggonni cike da tsakar gida. Saudatu ta durƙusa ta kama hannunta.

"Cika yatsun sosai, 'yar uwa, kamar na wancan karon," in ji Lubna da ƙarfi. "Yanzu ba na'urar da ke jira na."

Inna ta ɗauke kai tana danne dariya.

Lubna ta buɗe tafinta. "Nan kuma ki rubuta min Faruk. Ki gyara rubutun, ai kin iya sunan."

Saudatu ta rubuta, harafi bayan harafi, idonta jajir.

Washegari aka ɗaura aure bayan Juma'a. Malam Yahuza ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari. Da Faruk ya ga sunansa a tafin amaryarsa, ya tambayi wa ya yi wannan kyakkyawan aiki.

"Saudatu ce," in ji Lubna. "Kyauta ma ta yi."